Garin ƙarfen da injin 3D ke ci: Bayani ga 'yan uwanmu masu harkar gwangwan a Kudu

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, na biya ta rumfar kawuna da ke harkar gwangwan a nan Legas don mu gaisa. Ko zama ban gama yi ba ya miƙo min wayarsa. Wani bidiyo ne da ke yawo a WhatsApp: inji na ƙera wani abu mai kama da bututu, cikinsa jar tagulla, bayansa farin ƙarfe, babu walda, babu noti. Haske ne kawai ke yawo a kan gari, abin na fitowa sannu a hankali.

Ya ce, "Injiniya, ka ga abin nan? An ce min garin da yake ci da dala ake sayensa. Ni fa har na fara tarawa."

Ya ja ni bayan rumfa. Buhu shida ne a jingine, cike da ƙurar alminiyam da ya sa yara suka kwaso masa daga wuraren da ake goge tukwane da rim ɗin mota. Janareto na ta ruri a gefensu, tsakani bai fi taku biyu ba. Gabana ya faɗi.

Na ce, "Kawu, don Allah ku sa a kashe janareton nan tukuna, sai mu yi magana."

Ilimin sarrafa ƙarafa na karanta, kuma bayanin da na yi masa ran nan shi zan maimaita a nan, don na san ba shi kaɗai aka tura wa bidiyon ba. Daga Agege zuwa Sabon Badun, Shagamu, Anacha da Fatakwal, mutanenmu da yawa da ƙarfe suke ciyar da iyali. Gaskiya ne garin yana da tsada: na taitaniyam mai kyau yakan haura dala 100 kilo ɗaya. Amma tsabtarsa da siffarsa ake biya wa kuɗin, kuma nan ne wahalar sana'ar take, musamman idan aka ce ƙarfe biyu za a haɗa a abu ɗaya.

Yadda injin ke gina ƙarfe

Ƙirar da muka saba da ita iri biyu ce. Ko a narka ƙarfe a yi zubi kamar yadda masu tukwane ke yi, ko a sami dunƙule a yi ta fiƙe shi a inji har siffar ta fito. Shi injin 3D gini yake yi, shimfiɗa kan shimfiɗa, bisa zanen da aka ba shi a kwamfuta. Manyan hanyoyinsa biyu ne.

Ta farko ita ce ta baje gari. A cikin wani akwati da aka rufe ruf, aka kori iskar da muke shaƙa aka cika shi da iskar agon ko naitirojin, wata faffaɗar wuƙa takan baje gari a kan faranti. Kaurin shimfiɗar yakan kama daga maikiron 20 zuwa 60. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, gashin kan mutum kuwa yakan kai wajen maikiron 70, ka ga ko kaurin gashi shimfiɗar ba ta kai ba. Sai hasken lesa ya bi ya narka inda zanen ya nuna, farantin ya ɗan sauka, wuƙar ta sake baje sabon gari. Abin da tsayinsa santimita 10 ne, in ana shimfiɗa maikiron 40, sai an yi wannan zagaye sau 2,500. A cibiyar bincike ta Fraunhofer da ke Aachen a Jamus aka faro dabarar a 1995. Da ita kamfanin GE na Amurka ke ƙera bakin feshin mai na injin jirgin sama samfurin LEAP, wanda a da sai an harhaɗa guntaye 20, yanzu kuwa guda ɗaya yake fitowa, nauyinsa kuma ya ragu da kashi 25 cikin ɗari.

Ta biyu ta fi kama da walda. Lesa na narka ɗan gurbi a jikin ƙarfe, iskar agon kuma na ɗauko gari ta siririn tiyo tana feso shi cikin gurbin. Kan injin na tafiya, ƙarfe na taruwa a bayansa. Cibiyar Sandia da ke jihar New Mexico a Amurka na cikin waɗanda suka raya wannan hanya a shekarun 1990. Garinta ya fi na farkon girma, daga wajen maikiron 45 zuwa 150.

Wane irin gari ake nema?

Ba niƙa ƙarfe ake yi a samu garin ba. Narka shi ake yi, a sako shi siriri ta wani ɗan rami a saman doguwar hasumiya, sai a buge shi da iskar agon ko naitirojin mai ƙarfin gaske. Narkakken ƙarfen ya tarwatse kamar yayyafi, kowane ɗigo ya daskare kafin ya kai ƙasa. Shi ya sa in ka duba shi a madubin ƙara girma, ƙwayoyin mulmulallu ne kamar gero. Daga nan sai tankaɗe: wanda za a baje a faranti yawanci tsakanin maikiron 15 da 45 ake ware shi.

Mulmulewar nan ita ke sa garin ya zuba kamar ruwa, ya kwanta daidai. In ƙwayoyin masu kusurwa ne, sai su sarƙe da juna, wuƙar ta ja su ta bar layi a shimfiɗa, wurin ya zama rami a cikin ƙarfen da aka gina. Har gwaji ake yi musu: a zuba giram 50 a wani mazurari mai rami milimita 2.5, a ƙirga daƙiƙa nawa ya yi kafin ya zube duka. Wanda ya tsaya a wuyan mazurari sai an bincika dalili.

Sai danshi. Duk wanda ya yi damina a Legas ko Fatakwal ya san yadda gishiri ke dunƙulewa a kwano. Haka garin ƙarfe ke yi, shi ya sa a rufaffiyar gora ake kawo shi, da ƙullin maganin tsotse danshi a ciki, wani ma a cike ta da agon. Garin alminiyam da ya sha danshi, in lesa ta taɓa shi, ruwan ya rabu ya saki iskar haidirojin, ita kuma ta bar ƙananan kumfa a cikin ƙarfen. Taitaniyam kuwa oksijin yake zuƙa. Nau'in da ake dasawa a jikin mutum, kamar ƙugun roba na ƙarfe da likitocin ƙashi ke sakawa, ba a yarda oksijin ɗinsa ya wuce kashi 0.13 cikin ɗari ba, don in ya yi yawa ƙarfen gautsi yake yi. Kowace gora da lambarta take zuwa, da takardar gwajin da ta nuna abin da ke ciki.

To, a ɗora ƙurar kawu a kan wannan ma'auni. Siffarta kamar tsinke da ɓawo. A cikinta akwai ɓarɓashin dutsen guga, da man gogi, da fenti, da tsatsa, da ƙasa. Alminiyam ɗin tukunya daban, na rim daban, duk sun cakuɗe. Babu kamfanin da zai zuba wannan a injin da ya saya da ɗaruruwan dubban daloli, ko da kyauta aka ba shi.

Me ya sa ake son haɗa ƙarfe biyu?

Saboda kowane ƙarfe da baiwarsa. Tagulla, wadda 'yan gwangwan ke kira kofa, tana kwashe zafi kusan ninki 25 fiye da sitil mara tsatsa, amma tana da laushi. Sitil da gaurayen nikel suna da ƙarfi, amma zafi suke riƙewa. Ɗakin ƙonewar mai na injin roka yana buƙatar duka biyun: ciki mai kwashe zafi don kada ya narke, waje mai ƙarfi don kada ya fashe. Hukumar NASA ta ƙera irinsa, cikin da gaurayen tagulla mai suna GRCop wanda cibiyarta ta Glenn da ke jihar Ohio ta samar, wajen kuma da gaurayen nikel mai suna Inconel 625. A masana'antar roba ma haka ne: zubin sitil da aka bi cikinsa da tagulla ya fi saurin hucewa, sai a fitar da kaya da yawa a awa ɗaya.

Ba kowane ƙarfe biyu ke shiri ba. Taitaniyam da sitil in sun narke tare, wani abu mai gautsi kamar tangaran suke haifarwa a mahaɗarsu, sai an sa wani ƙarfe na uku, irin su banadiyam, ya shiga tsakani. Alminiyam na narkewa a zafin digiri 660, tagulla a 1,085, taitaniyam a 1,668, don haka zafin da ya dace da wannan ya yi wa wancan yawa ko kaɗan. Amma kafin a kai ga narkawa, akwai tambayar da ta riga ta: ta yaya za a kai kowane gari daidai inda ake son shi?

Isar da gari biyu

A hanyar feshi abin ya fi sauƙi. Kowane gari da rumbunsa, a ƙarƙashin kowane rumbu akwai faifai mai juyawa da ke ɗiban gari yana miƙa wa iska. In ka ƙara gudun faifan tagulla ka rage na sitil, gaurayen ya canza. Da haka ake iya fara gini da sitil zalla, a riƙa ƙara tagulla kaɗan-kaɗan har a ƙare da ita zalla. Sai dai akwai cikas uku. Na ɗaya, tiyon na da tsawo, don haka in ka canza gudu a rumbu sai bayan daƙiƙoƙi canjin ke isa baki, kan injin kuwa ya riga ya yi gaba. Na biyu, nauyi: dunƙulen alminiyam mai santimita ɗaya a tsawo, faɗi da kauri giram 2.7 ne, na taitaniyam 4.5, na tagulla 8.9. Iska ɗaya ba ta ɗaukar su da gudu ɗaya, kamar dai sheƙa, inda ƙaiƙayi ke tashi tsaba ta faɗo. Ko tun farko aka gauraya su a rumbu ɗaya, jijjigar inji na raba su, yadda manyan ƙwayoyin garin rogo ke tasowa sama in an girgiza roba. Na uku, ba duk garin da aka fesa ke faɗawa gurbin ba. Wani ya zube gefe, a cakuɗe.

A hanyar baje gari kuwa matsalar ta fi girma, don ita wuƙar gari ɗaya ta sani, ta share shi daga wannan gefe zuwa wancan. Masu bincike sun ɓullo da dabaru. Wata ita ce a baje gari na farko, a narka inda ake so, a zuƙe ragowar da bututu, sannan a baje na biyu. Cibiyar Fraunhofer da ke Augsburg ta yi aiki sosai a kan wannan, da tagulla da sitil. A Jami'ar Manchesta da ke Ingila an gwada siririn mazurari wanda gari ke tsayawa a wuyansa, sai an girgiza shi da sautin da kunne ba ya ji sannan ya zubo, an daina ya tsaya. Da shi ake zana layin gari na biyu kamar mai zanen lalle. Kamfanin Aerosint na Beljiyam kuma ganguna masu juyawa ya ƙera, jikinsu raga ce mai laushi, kowace ganga da garinta. Ana zuƙar iska daga ciki don garin ya manne, in an zo daidai inda ake so sai a hura ya faɗo. Gangunan na wucewa sau ɗaya, shimfiɗar ta fito da gari biyu kamar zanen atamfa.

Wake ɗaya

Kowace dabara aka bi, ƙarshen aiki ɗaya ne. Ɗan kaɗan daga garin da aka baje ne ke zama ƙarfe, mafi yawa yana nan kewaye da abin da aka gina. In gari ɗaya ne, sai a tankaɗe shi a mayar rumbu, kuma wannan maimaicin ne ke sa sana'ar ta biya kuɗinta. In biyu ne fa? Sun gauraya, gari mai tsada ya koma shara, sai in an iya raba su.

A nan kawu ya gyara zama ya ce, "Ai maganaɗisu za a sa."

Na ce, "Kun canka, Kawu." In ɗaya na kama maganaɗisu ɗayan ba ya kamawa, kamar tagulla da sitil ɗin zubi, haka ake raba su. Amma duk ɗan gwangwan ya san akwai sitil mara tsatsa da maganaɗisu ba ya kamawa, irin samfurin 316L, wanda kuwa yana cikin waɗanda aka fi bugawa da injin. Wasu sukan sayi gari ɗaya manya ɗaya ƙanana da gangan don rariya ta raba su daga baya. Duk da haka rabuwar ba ta cika ɗari bisa ɗari, don ƙananan ƙwayoyi na manne wa manya, wasu ma zafin lesa ya riga ya liƙe su.

Hausawa sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma a wannan sana'a maganar a zahiri take. Ƙwayar tangistan, ƙarfen da sai zafi ya kai digiri 3,422 yake narkewa, in ta faɗa garin taitaniyam ba za ta narke ba. Zama za ta yi cikin ƙarfen kamar tsakuwa a tuwo, kuma daga gefenta tsagewa ke farawa bayan an daɗe ana aiki. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke ware inji guda, da rariyarsa da tiyonsa da burushinsa, ga ƙarfe ɗaya tak.

Ga misalin abin da gurɓatar gari ke jawowa. A watan Yulin 2023 kamfanin Pratt & Whitney na Amurka ya sanar cewa an sami gurɓata a garin ƙarfen da ya ƙera wasu sassan injinan jiragen Airbus A320neo tsakanin ƙarshen 2015 da 2021. Su waɗannan sassa matse garin aka yi da zafi, ba injin 3D ya buga su ba, amma ciwon iri ɗaya ne. A watan Satumba kamfanin ya ce sai an sauke injina 600 zuwa 700 don bincike daga 2023 zuwa 2026. Ɗaruruwan jirage suka zauna a ƙasa, asarar ta kai biliyoyin daloli.

Abin da ya sa gabana ya faɗi

Kyasta ashana a jikin gungumen itace, ba zai kama ba. Watsa dusar katako a wuta ka ga tashin harshe. Haka ƙarfe yake. Dunƙulen alminiyam mai faɗin santimita ɗaya, in aka farfasa shi zuwa ƙwayoyi masu maikiron 10, fatar da iska ke taɓawa ta ninka sau dubu. In wannan ƙura ta tashi a rufaffen wuri, tartsatsi ɗaya ya isa, ko da irin wanda rigar leda ke yi ne lokacin hunturu.

Ranar 2 ga Agustan 2014, a birnin Kunshan na ƙasar Sin, ƙurar alminiyam ta fashe a wata masana'antar goge rim ɗin mota, irin ƙurar da ke buhunan kawu sak. Mutum 146 suka rasu. A watan Nuwamban 2013 ma an yi fashewa a wani kamfanin buga ƙarfe da injin 3D a garin Woburn na jihar Massachusetts, ma'aikaci ya ƙone sosai, hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ci kamfanin tara.

Abin da ya fi muni, ruwa ba ya kashe wannan wuta. In ka watsa shi kan alminiyam, magniziyam ko taitaniyam mai ci, haidirojin yake saki, wutar ta ƙaru. Tulin ƙurar alminiyam da ya jiƙe ma kan ɗau zafi da kansa. Busasshen yashi ake rufe ta da shi a hankali, ko tukunyar kashe gobara ta musamman mai alamar D. A masana'antun da suka san aikinsu, kowane inji da wayarsa ta ƙasa, ma'aikaci na sa takalmi da riga marasa tara lantarki da takunkumi mai matata, kuma ba a share garin da tsintsiya ko injin zuƙe ƙura na gida. Akwai kuma na'urar auna oksijin a ɗakin, don iskar agon ba ta da wari, ta fi iskarmu nauyi, in ta zuba sai ta taru a ƙasa ta shaƙe mutum bai ankara ba.

Inda rabonmu yake

Ina roƙon 'yan uwa abu uku. Duk wanda ya zo muku da maganar ku tara ƙurar guga zai haɗa ku da masu saye a waje, ku tambaye shi wane samfurin ƙarfe, wane girman ƙwaya, wace takardar gwaji. In ya fara kame-kame, ku riƙe kuɗinku. Wanda ya riga ya tara, ya nisanta ta da janareto, walda, sigari da ruwan sama, kada ya zazzage buhu ƙura ta tashi, kada kuma ya juye ta a tukunyar narka. Masu aikin goge alminiyam kuma su riƙa kwashe ƙurar kullum, kada ta taru a kan katakon rufi da fanka, su sa takunkumi, don huhu ma ba ya son ta.

Akwai labari mai daɗi a ciki. Kamfanoni irin su 6K Additive da Continuum Powders a Amurka suna mayar da ragowar ƙarfe garin injin 3D. Sai dai ragowar da aka san asalinta suke karɓa, samfuri ɗaya, ba gauraye. Ko a nan gida haka kasuwar take: kofa mai tsabta kuɗinta daban da wadda aka bari da dalma da roba a jiki. Gwanintar rarrabe ƙarfe da mutanenmu suka gada, da maganaɗisu da ido da jin ƙarar ƙarfe, ita ce abin da ya kamata mu ƙara wa ilimi, mu koya wa yaranmu sunayen samfura da lambobinsu.

Kawu ya yi shiru, can ya ce, "Wato kuɗin yaran nan da na biya ya tafi ke nan."

Na ce, "Ya tafi, Kawu. Amma rumfa na nan."

Kafin la'asar muka ɗauke buhunan ɗaya bayan ɗaya, ba jifa ba girgizawa, zuwa wata rumfar kwano da ke can gefe, inda babu wuta kuma ruwa ba ya shiga, muka ajiye bokiti biyu na busasshen yashi kusa da su. Ranar Litinin ya je ofishin 'yan kwana-kwana neman shawarar yadda za a rabu da su. Wanda ya karanta wannan, don Allah ya karanta wa na kusa da shi a kasuwa. Allah Ya tsare mana rayuka da dukiya, amin.